Tambayoyin Bakin Shago: Waya, Kuɗi da Siyasa a Katsina

Gyaran waya nake yi a Katsina, can wajen Ƙofar Ƙaura. Shagon bai fi taku huɗu ba, amma akwai benci biyu a bakinsa, kuma da an sallame la'asar ba ka samun wurin aza ɗuwawu. Wani ya kawo caji, wani yana jiran a manna mashi gilashi, wani kuwa babu abin da ya kawo shi sai hira. Daga maganar batir a faɗa maganar fetur, daga fetur a faɗa zaɓe, kafin magariba an tsige gwamna an naɗa wani. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda na gaji da maimaita amsarsu da baki, shi ya sa na zauna na rubuta.

Wai me ke cinye mani data? Jiya na saya, yau babu.

Wannan ita ce uwar tambayoyi, kuma mai yin ta yakan zo ne da hukuncinsa a aljihu: kamfani ɓarawo ne. Ni dai nakan ce miƙo wayar. A cikin saiti akwai wurin da waya ke lissafa abin da kowace manhaja ta ci, kamar littafin bashi na mai shago. Nan ake kama ɓarawon, kuma galibi ɗan gida ne.

Rubutu ba ya cin komai. Za ka yini kana aika saƙon rubutu a WhatsApp ba ka ci abin da bidiyon minti biyu zai ci ba. Bidiyo ne kura. Awa ɗaya kana murza TikTok sai ɗaruruwan megabait su tafi, ga Facebook da ke kunna bidiyo da kansa tun ba ka taɓa shi ba, ga guruf goma sha da kake ciki, kowanne ana zubo wa'azi da biki da tallar atamfa, wayar kuma tana sauke su duka ba tare da ta tambaye ka ba. Sai Play Store da ke sabunta manhajoji cikin dare.

Wani dattijo ya taɓa zuwa yana rantsuwa cewa shi ban da azkar da labaran BBC Hausa babu abin da yake buɗewa. Na duba, sai ga wasan tseren mota ya ci fiye da rabin datar. Na ce, "Baba, kuna tuƙa mota a waya?" Ya yi shiru, can ya ce, "Ɗan banzan jikan nan ne, kullum bayan isha'i sai ya ce in ba shi ya haska mani hanya."

Amma fa tsadar gaskiya ce. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, saboda haka dubu ɗayan da ka saba saye ba ta kai inda take kaiwa. Kashe saukewa da kai a WhatsApp, ka hana bidiyo kunna kansa, ka riƙa duba saura da *323#. In ka ga ana zare maka kati kaɗan-kaɗan, mai yiwuwa an maƙala maka wata hidima ce da ba ka nema ba. Kira 300, in ba su saurare ka ba ka kira NCC a 622, kyauta ne.

Sanduna sun cika, amma intanet ba ya motsi. Aljanu ne?

Sandunan suna gaya maka cewa wayarka na jin muryar ƙarfen sabis, ba su ce akwai wuri a kansa ba. Ƙarfe ɗaya kamar rijiya ɗaya ce: in mutum biyar ke ɗiba, kowa ya cika tulunsa, in unguwa duka ta fito da guga bayan isha'i, sai a yi ta jira. Shi ya sa abin da ya ƙi sauka da ƙarfe tara na dare yake sauka cikin ƙiftawar ido bayan asuba. Wani lokaci kuma masu aikin hanya ne suka datse wayar gilashi da ke binne a ƙasa, ko man janaretan ƙarfen ya ƙare, don yawancinsu da gas suke kwana.

Wanda ya ga shekarar 2021 ba ya raina sanda ɗaya. A watan Satumba na shekarar aka katse sabis gaba ɗaya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar 'yan bindiga, cikinsu har da Jibia, Batsari, Safana, Ƙanƙara, Faskari, Dutsin-ma da Funtua. Mutane suka koma rubuta wasiƙa suna ba direbobin tasha. Na ga wanda ya biya kuɗin mota ya shigo birni don kawai ya kira ɗansa a Legas ya ce mashi an haihu lafiya. Sai wajen ƙarshen shekara aka fara maido da shi.

Wace waya ce ta fi?

Wadda kayan gyaranta ke kasuwa. Tecno, Infinix da itel duk 'yan gida ɗaya ne, kamfanin Transsion na ƙasar Sin ke yin su, kuma sikirin ɗinsu ko batirinsu ba ya wuyar samu. Ka sayi wata baƙuwa mai kyan gani, ranar da ta faɗi sai an aika Kano, wani lokaci Legas.

Ta hannu fa? An kawo mani wata da araha.

Araha ba ta ado, kuma a harkar waya har ofishin 'yan sanda takan kai mutum. Kowace waya tana da lambar shaida mai alƙaluma 15, danna *#06# za ta fito. Da wannan lambar ake bin sawun wayar sata, kuma wanda aka iske ta a hannunsa shi ake fara kamawa, ba wanda ya fizge ta a cikin Keke Napep ba. In babu kwali, babu rasit, mai sayarwa kuma yana ta waige yana cewa sauri yake, bar mashi abarsa. In ka san shi, ku yi rubutu, a sa shaida, sannan ya cire asusunsa na Google ko na Apple a gabanka. In bai cire ba, ka sayi madubi ne kawai.

Batirina ya kumbura har ya ɗaga murfi. Zan iya lallaɓawa?

A'a. Kawo a canza, kuma kada ka soke shi da allura wai iska ta fita, wuta yake kamawa. Zafi ne babban makashin batir, mu kuwa a watan Afrilu rana kan wuce digiri 40. Ka aje waya a gaban mota, ko ka sa ta caji ƙarƙashin filo kana kallo, ka dafa ta ke nan. Cajar ɗari biyar ta bakin titi ita ma tana da nata alhakin.

Tun da an zo nan: in waya ta faɗa ruwa, ku daina binne ta cikin shinkafa. Shinkafa ba ta shiga cikin injin ta tsotse komai. Kashe ta nan take, kada ka gwada caji, kawo a buɗe a busar. Shinkafar ma da tsadar da take yi yanzu, gara a dafa wa yara.

Na yi tiransifa, an cire mani, wancan bai gani ba. Ina kuɗin suka tsaya?

Ba su ɓace ba, sun maƙale ne a hanya. In ka tura daga wannan banki zuwa wancan, kuɗin sai sun bi ta wata cibiya da ke haɗa bankunan ƙasar nan, NIBSS. Bankinka ya cire, ya aika saƙo, bankin wancan ya amsa. In ɗaya daga cikin ukun ya yi tuntuɓe, sai kuɗin su rataye. Galibi suna dawowa da kansu ko su ida isa. Babban kuskure shi ne ka sake turawa cikin fushi, washegari duka biyun su shiga, ka koma roƙon mai nama ya maido maka ɗaya. A jikin rasit akwai wata doguwar lamba ta shaidar aikawa. Ita za ka kai banki, ba ihu ba. In aka yi mako biyu bankin bai warware ba, kana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa na Babban Bankin Najeriya.

Ɗaya gefen kuma shi ya fi ciwo, wato alat na bogi. Ni ma an taɓa yi mani. Wani matashi tsaf-tsaf, farar shadda da turare, ya zaɓi fawa banki da abin kunne, ya nuna mani sikirin ɗinsa: ga sunana, ga adadi, ga koren tambari. Ya ce, "Maigida, sabis ne, yanzu za ka ji shi, ana jirana a ɗaurin aure." Kunya ta hana ni tsayar da shi, ka san mu da kara. Har yau ina jiran alat ɗin. Rasit hoto ne, yaro ɗan sakandare zai zana maka shi. Saƙon tes ma ana ƙirƙirarsa. Abin da ba ya ƙarya shi ne ka buɗe asusunka da hannunka ka ga jimla ta ƙaru.

Mu a nan tiransifa dole ta koya mamu. Lokacin da aka sauya fasalin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu ɗaya a ƙarshen 2022, farkon 2023 sai tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, aka koma sayen naira da naira wurin masu POS, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗin su ci gaba da aiki. Daga nan mai ƙosai ma ta manna lambar asusu a jikin bokiti.

Kuɗina na cikin bankin waya. In ya rufe fa?

Duba ko yana da lasisin Babban Banki da inshorar NDIC, hukumar da ke kare ajiyar mutane a banki. Tun 2024, in bankin kasuwanci ya durƙushe, NDIC na biyan mai ajiya har naira miliyan 5, a ƙananan bankuna kuma har miliyan 2. An ga aikinta da aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024. Abin da ya haura wannan sai an sayar da kadarori, abin da ke ɗaukar lokaci. Ɗan kasuwa mai juya kuɗi da yawa ya raba ƙafa.

An kira ni an ce za a sa ni cikin tallafi, in karanto lamba shida da aka turo mani. In ba su?

Kada ka ba su. Ko muryar limamin unguwarku ka ji.

Lambar nan ita ce mabuɗin WhatsApp ɗinka. Ɓarawon ya riga ya sa lambar wayarka a tasa wayar, WhatsApp ya turo maka lambar tabbatarwa, shi kuma yana so ka karanta mashi. Da ka faɗa, ka fita, ya shiga. Ba abin da ke cikin wayarka yake so ba, sunanka yake so. Zai bi 'yan uwanka ɗaya bayan ɗaya yana cewa an kwantar da yaro a asibiti, a ranta mashi dubu ashirin zuwa gobe. Daga cikin guruf ɗinku kuma zai ɗauki lambobin wasu ya kira su, ya ce taron ƙungiya za a yi ta waya.

Haka aka yi wa wata gwaggona. Ta iso shago da hantsi, mayafi a karkace, ta ce, "Ɗan nan, duba mani, wai ni ce nake ta roƙon mutane kuɗi, ni da ko rubutun boko ban iya ba." Kafin mu ƙwato layin, ƙanwarta da ke Funtua ta riga ta tura. Da na tambaye ta yadda aka yi, ta ce mutumin ya gaishe ta da sunan babban ɗanta, ya ce saura mutum uku a rufe rajista. Kullum haka suke: saura kaɗan, yi maza, kada ka gaya wa kowa. Duk wanda ya hana ka minti biyar na shawara, ba alheri ya kawo maka ba.

In an riga an ƙwace, sake shiga WhatsApp da lambarka, sabuwar lamba shida za ta zo, da ka sa ta an fitar da shi. In ya riga ya ɗaura nasa kwaɗon, sai ka jira kwana bakwai, kafin nan ka bi dangi da kira kana shaida masu. Maganin tun farko shi ne ka ɗaura naka kwaɗon: a cikin saitin WhatsApp akwai tabbatarwa mai hawa biyu, minti ɗaya ake yin ta. Haka kuma babu ma'aikacin banki da zai kira ka ya nemi lambar sirrin katinka ko lambar da aka turo maka ta tes.

Wayata ta ɓace. Me zan fara yi?

Banki kafin kuka. Ɓarayin yanzu layin suke nema fiye da wayar, domin da layinka za a iya danna *565*0# a ga BVN ɗinka, daga nan a fara lalube a asusunka, har bashi a ci da sunanka. Ari wayar wani ka rufe asusun, ka kira kamfanin layi su toshe shi, sannan ka je da lambarka ta NIN a yi maka walkam-bak. Nan ne wanda ya sayi layi mai rajistar wani yake gane kurensa, don tun da aka fara haɗa layi da NIN a Disambar 2020, mai sunan shi ne mai layin. Sa wa layin kansa lambar sirri, ba wayar kaɗai ba. Sai dai ka kiyaye, in ka yi kuskure sau uku yana kullewa sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓallo shi.

Mainin fa? Yarona ya ce ta kusa fashewa.

Na ga zamanin da rabin bencin nan kowa ya sunkuyar da kai yana dangwalar sikirin kamar kaza na tsattsagar gero, lokacin Hamster Kombat, wasan waya da ake dangwala a tara kuɗin intanet. Har akwai wanda ya kawo mani waya gilashin ya dusashe daidai tsakiya. Da ta fashe a Satumbar 2024, wato aka fara sayar da abin da aka tara, da yawa abin da suka samu bai biya datar da suka ƙona ba. Akwai waɗanda suka ɗan samu a wasu, ban musa ba, kuma wasu yaran ta nan suka koyi abubuwan da suka amfane su.

Ni rabewata ɗaya ce. Wanda ke cin lokacinka da datarka, asararsa da sauƙi. Wanda ya ce kawo kuɗi a ninka maka cikin wata ɗaya, ka kawo mutum uku a ƙara maka, wannan tsohon tarko ne da sabon fenti. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025. Da kuɗin na baya ake biyan na gaba, ranar da sababbi suka daina shigowa sai a kashe fitila.

An turo a guruf, kuma babban mutum ne ya turo. Ta yaya zai zama ƙarya?

Babban mutumin ma turo mashi aka yi. Ku tuna daren gishiri, a watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola. Tsakar dare waya ta yi ta ƙara, uwa na tashin 'ya'ya, ɗa na kiran uwa daga wani gari, kowa a yi wanka da ruwan gishiri a sha kafin gari ya waye. Babu wanda ya yi don mugunta, ƙauna ce ta yaɗa shi, amma sai da aka kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasa ransu. Sannan ga labarin Jibrin na Sudan, wai Buhari ya rasu an kawo mai kama da shi, har sai da shi da kansa ya fito a ƙasar Folan a Disambar 2018 ya ce shi ne dai. Mutumin da a lokacin ake gani a Daura duk sallah, danginsa na nan, abokan karatunsa na nan, amma aka samu masu rantsuwa.

Abin da nake yi ba shi da wuya. In ga kibiya biyu a saman saƙo, na san ya sha hannu. In saƙon murya ne babu suna, babu gari, babu rana, sai "jama'a ku yaɗa", na aje shi. In hoto ne na tambayi kaina ko ban taɓa ganinsa ba, don sau da yawa hoton wata ƙasa ne ko na shekarun baya. In babban labari ne, jira labaran rediyo na gaba; abin da ya kai a ce shugaba ya mutu ba zai tsaya a guruf ɗin 'yan ajinku ba. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira, ana sa wa malami ko ɗan siyasa maganar da bai yi ba, da muryarsa. Kalli leɓe da kyau, ka kuma nemi cikakken karatun, ba guntun daƙiƙa talatin ba.

Inda abin ya fi nauyi shi ne labarin tsaro. Wanda ke da uwa a Batsari ko Ɗanmusa, in ya ga "sun shigo", ba ya iya jiran rediyo, na sani. To kira mutum ɗaya da ke can ka ji daga bakinsa, kafin ka tayar da hankalin mutum ɗari biyu. Hotunan gawa kuwa ku bari. Mamacin nan yana da 'ya'ya, kuma su ma suna da waya.

Za a iya kama ni saboda abin da na rubuta a Facebook?

Za a iya. Sashe na 39 na tsarin mulki ya ba ka 'yancin faɗin ra'ayi, kuma cewa gwamnati ta gaza ba laifi ba ne. Amma akwai dokar laifukan intanet ta 2015, wadda sashenta na 24 aka sha kama mutane da shi, 'yan jarida da matasa. An yi mata gyara a 2024 aka rage faɗinta, ta koma kan abubuwan batsa da ƙaryar da mutum ya san ƙarya ce ya yaɗa don tayar da fitina ko jefa rai cikin haɗari. Ban da ita akwai dokar ɓata suna, ga kuma kotunan shari'a inda ƙazafi ke da nasa hukuncin.

Bambancin a fili yake. "Asibitin garinmu babu magani, ga hoto, ga rana" magana ce da za ka iya tsayawa a kanta. "Wane ɓarawo ne, uwarsa kaza" kuwa, ranar da aka ce kawo hujja, waɗanda suka yi ta danna maka alamar yabo ba za su raka ka kotu ba. Gogewa ma ba ta ceto, an riga an ɗauki hotonsa.

Ƙuri'a tana da amfani kuwa? Ba sun riga sun rubuta ba?

Ga abin da ya faru a nan gida. Ranar 25 ga Fabrairun 2023, a jihar Buhari, shugaban ƙasa na lokacin, jihar da APC ke mulki, Atiku Abubakar na PDP ne ya zo na ɗaya a zaɓen shugaban ƙasa, da ratar da ba ta kai ƙuri'a dubu bakwai ba tsakaninsa da Bola Tinubu. Mako uku bayan nan, ranar 18 ga Maris, mutanen nan dai suka juya suka ba Dikko Raɗɗa na APC kujerar gwamna da rata mai faɗi a kan Yakubu Lado. In da a ɗaki ake rubutawa, wa zai rubuta wa kansa faɗuwa a gidan Buhari? Mutane sun ji zafin rashin kuɗi a hannu da rashin tsaro, suka nuna, kuma zamanin "sak" ya ja baya.

Ban ce babu maguɗi ba. Na'urar BVAS tana tantance mai zaɓe da yatsa ko fuska, ta rage aringizon da ake yi da katunan mutanen da ba su zo ba. Amma ɗora sakamakon shugaban ƙasa a IReV, rumbun intanet na hukumar zaɓe, ya samu tangarɗa a ranar, INEC ta ce matsalar na'ura ce, Kotun Ƙoli kuma a Oktoban 2023 ta ce rashin ɗorawar bai soke zaɓe ba. Darasin da na ɗauka shi ne takarda ce har yanzu sarauniya: fom ɗin EC8A da ake cikewa a rumfa, wakilan jam'iyyu su sa hannu. Wayarka a nan take da aiki. Tsaya a ƙirga a gabanka, ka ɗauki hoton sakamakon. Maguɗin da ya fi yawa yanzu ma ba a na'ura yake ba, a layi yake, inda ake raba taliya da atamfa da 'yan dubu biyu.

Kwatarmu ta toshe, fetur ya yi tsada, babu wuta. Wa zan zaga?

Kafin zagi, a san mai kaya. Fetur da canjin dala da iyakoki na tarayya ne: Tinubu ne ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kuma daga Abuja aka rufe iyakar Jibia da Kwangwalam bayan juyin mulkin Nijar na Yulin shekarar, aka buɗe a Maris ɗin 2024. Sojoji da 'yan sanda ma na tarayya ne, abin da ya sa jiha ta kafa nata dakarun sa-kai a Oktoban 2023. Rarraba wuta a Katsina da Kano da Jigawa aikin KEDCO ne, amma ba ita ke samar da ita ba. Duhun da Arewa ta kwana a ciki kwana da kwanaki a Oktoban 2024 daga manyan layukan dakon wuta ya taso. Sakandare da manyan asibitocin jiha na gwamna ne. Kwata da shara da kasuwar ƙauye kuwa na ƙaramar hukuma ne.

Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, kowace da kansilanta. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Na taɓa tambayar bencin nan wa ya san sunan kansilansa. Mutum biyu suka sani, ɗaya don surukinsa ne. Amma kowa ya san abin da ya kamata shugaban Amurka ya yi wa Iran.

Yayana ya fita daga guruf ɗin gida saboda siyasa. In bi shi?

Bi shi, amma da ƙafa, ba da rubutu ba. Rubutu ba ya ɗauke da murmushi. Abin da za ka faɗa a zaure a yi dariya, in ka rubuta shi sai ya zama zagi. Ka kuma sani da yawa daga masu zafin nan da kuke kwaso maganarsu aiki suke yi, 'yan data ne, ana sallamarsu a wata. Iyayen gidansu kuwa yau suna wannan jam'iyya, gobe suna waccan, suna aurar wa juna 'ya'ya. Ka sayi goro ko lemo, ka je ka ce, "Yaya, a yi haƙuri," ko da kana ganin kai ke da gaskiya. Sai a roƙi mai kula da guruf ya kafa doka: sanarwar biki da rasuwa da zumunci a nan, siyasa a majalisa.

To kai wa za ka zaɓa?

Kullum sai an yi mani ita, galibi daidai lokacin da na sa ƙaramin sukudireba a baki ina neman wani ɗan ƙusa da ya faɗi. Mai shago ba ya da jam'iyya a bakin shagonsa, don wayar mai tsintsiya da ta mai lema duk caji ɗaya suke sha a nan. Ina da katina, na san rumfata, kuma tun daga 1999 ban taɓa fashi ba. Akwai wani ɗan littafi a cikin durowa, ƙarƙashin matattun batura, inda nake rubuta alkawuran da na ji da kunnena lokacin kamfe, da ranar da aka yi su. Wani abokina malamin firamare ya sha roƙo in nuna mashi. Na ce ya fara biyan kuɗin sikirin ɗin da na sa mashi tun kafin azumi.